Gefen Hagun Baba Gwadabe

Ƙarar yagewar yadi na fara ji kafin ihun ya biyo baya. Na tashi daga kan keken ɗinki da almakashi a hannuna, na faɗa zauren maƙwabcina ko sallama ban yi ba.

Baba Gwadabe yana tsaye a tsakar gida, daga shi sai wando. Rigar da na ɗinka masa da ƙaramar salla ta rabu biyu tun daga wuya, rabi a ƙasa, rabi a hannun ɗansa Zailani. Matarsa Inna Mero tana bakin madafi ta toshe baki da gefen mayafi. Can jikin rumbu kuma ga wani ƙato da ban taɓa gani a garinmu Nasarawan Doya ba, da igiya a kafaɗa.

"Yawwa, Maiwada, zo ka zama shaida," in ji Baba Gwadabe. Gumi na zuba a fuskarsa, amma muryarsa ba ta rawa. "Yau Laraba. Sunana Gwadabe, ubana Inuwa. Waccan matata ce, wannan ɗana ne. Wancan mai igiyar ban san shi ba, ba na kuma son in san shi. Haka mahaukaci yake magana?"

"Baba, don Allah," in ji Zailani, idonsa ya yi ja. Ya juyo gare ni. "Yaya Maiwada, kai ma kana gani. Riga ce kawai na sa masa. Tun damina ba ya sa tufa, ba ya zuwa masallaci, yana zaune yana zagin haƙarƙarinsa kamar da mutum yake faɗa. Dubi jikin. Ina ciwon yake? Akwai wani malami a bayan Kudan da yake duba irin wannan."

Na san gidan da yake nufi. Ana sa wa mutane mari a ƙafa a can.

Na dubi gefen hagun dattijon. Daga tsakiyar baya zuwa ƙarƙashin nono akwai wani zane mai duhu kamar inda aka taɓa ɗaura igiya, sai sawun farce, wasu sababbi, wasu sun bushe. Ban da wannan, fata lafiyayya.

Na ce wa mai igiya ya jira a waje. Ya fita.

Duk wanda ya sha mazarƙwaila a kasuwar Makarfi a shekarun nan ya san hannun Gwadabe, ko bai san fuskarsa ba. Yana da fadamar rake da injin matsewa da doki yake juyawa, kuma mazarƙwailarsa ba ta taɓa yin ɗaci ko ƙauri ba. Mutum ne mai faɗin ƙirji da babbar murya, wanda in ya yi dariya a fadama ake jinsa a bakin rijiyar gari. Katanga ɗaya ta raba gidanmu, shi ya yi mini waliyyi da na yi aure, don haka babu abin da ke faruwa a gidansa da ba na ji.

Da bazarar shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, wasu ƙuraje masu ruwa suka feso masa a gefen hagu, a jere kamar an ja layi. Aka ce fitsarin gizo ne. Inna Mero ta shafa masa abin da ake shafawa, ƙurajen suka fashe, suka bushe, suka warke kafin a yi noman farko. Kowa ya ce barka. Sai dai shi Gwadabe bai karɓi barkar ba, don ciwon bai tafi da ƙurajen ba. Ya ce wurin yana ci kamar an kifa masa garwashi. Riga in ta goge shi sai ya zabura. Iska in ta kaɗa sai ya dafe. Ƙuda ya sauka masa, sai ka ga ƙaton mutum ya yi tsalle. Ga wani ƙaiƙayi da ya ce yana can ciki inda farce ba ya kaiwa. Yana susa har jini ya fito, shi kuma bai ji shigar farcen ba.

Wanzami ya yi ƙaho, aka sha rubutu, aka yi turare. Da abin ya ƙi, sai bakin mutane ya juya. Wasu suka ce abokan sana'a ne suka yi masa asiri. Wasu suka ce ya taka wani abu a fadama. Daga ƙarshe maganar ta tsaya a kan cewa kansa ne ya taɓu.

"Zailani," na ce, "ka ba ni gobe kawai. Mu kai shi ɗakin shan magani na hukumar En'e a Makarfi. In can ma suka ce hauka ne, ni da kaina zan riƙe igiyar."

"Ba za ka riƙe ba," in ji Baba Gwadabe. "Amma zan je."

Washegari muka ɗora shi a jaki. Ya ninke wani tsohon zanen Inna Mero, ya jiƙa, ya manna a haƙarƙarinsa, ya danne da damtse. Ina tafe a gefensa ina kallon yadda yake matse wurin da ƙarfinsa duka, har jijiyoyin hannunsa sun tashi.

"Baba, ashe kana iya taɓa wurin?"

"Taɓawa dabam, dannewa dabam. In na danne shi sai ya yi laushi. Shafa ce ba ya so. Na faɗa wa mutanen gidan nan har na gaji, suna cewa ka ji wata maganar mahaukata."

Zailani yana gaba yana jan jaki. Bai waiwayo ba.

Malamin ɗakin maganin sunansa Jumare, wani siririn mutum mai furfura a gemu, da ya yi shekaru yana aiki a babban asibitin Zariya kafin a turo shi nan. Bayan doguwar gaisuwa ya sa Baba Gwadabe ya ɗaga hannu. Ya bi zanen da ido tun daga baya har gaba. Ya tsinko auduga 'yar kaɗan ya goga a gefen dama.

"Ka ji?"

"Na ji. Auduga ce."

Ya goga a gefen hagu. Baba Gwadabe ya yi wata ƙara, ya kama ƙafar tebur har kwalabe suka yi motsi. Malam Jumare ya jira ya huce, sannan ya kifa tafin hannunsa gaba ɗaya a wurin ya danna.

"Yanzu fa?"

"Bar hannun nan a nan, Malam, kada ka ɗauke."

Malam Jumare ya yi murmushi. "Wa ya ce masa mahaukaci?"



"Na ga irin wannan a Zariya, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma yawanci dattawa ne," in ji shi. "Likitan da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya ce cutar 'yar gida ɗaya ce da ƙarambau. Tana kwanciya a jikin mutum tun yana yaro, ta ɓuya a gindin jijiya. In girma ya zo sai ta farka, ta bi jijiyar ta fito fata. Shi ya sa ƙurajen suke bin layi, ba sa tsallakawa ɗaya gefen. Shi kuma jiki yana da masu tsaronsa a cikin jini. Sun taso sun yi faɗa da cutar, sun ci ta. Amma a kan jijiyar aka yi faɗan, ta ƙuje, ta kumbura. Fata ta warke, ita ba ta koma daidai ba. Aikinta shi ne ta kai wa kai labarin abin da ya taɓa jiki. To yanzu ko auduga ta gani sai ta ce wuta. Wani lokacin ba abin da ya taɓa ta, ta ce ƙaiƙayi."

"Wato ƙarya take yi mini," in ji Baba Gwadabe.

"Ita ƙarya take yi. Kai gaskiya kake faɗa. Zafin da kake ji zafi ne."

Dattijon ya gyaɗa kai. "Na taɓa yin wani doki," ya ce, "wanda mai shi na farko ya buga da sanda a ido. Har ya mutu, in inuwar hannu ta gifta ta wannan gefen sai ya zabura. Amma in ka dafa wuyansa sosai sai ya tsaya." Ya dubi ɗansa. "Dokin nan ba mahaukaci ba ne."

Zailani ya sunkuyar da kai. "Malam, akwai allura?"

"Da akwai da na yi masa. Ba zan yaudare ku ba. Wasu yana sakinsu a hankali, wasu yana zama da su. Zan ba ku ƙwayoyi masu rage zafi, da wani farin ruwa na shafawa mai sanyi. A yanke masa farce, don susar nan tana buɗe fata, fatar ta kumbura, ta ƙara tsokanar jijiyar. Kada a sake yin ƙaho a wurin. Kuma tunda dannewa tana taimakonsa, a nemi abin da zai riƙa danne shi."

A hanyar dawowa muka wuce gonakin dawa. Can Zailani ya tsayar da jakin, ya durƙusa a kan hanya.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, kai, rana tana dukana. Da ni ne na ga ubana yana zagin haƙarƙarinsa, da tuni na ɗaure shi."

Ni kuwa tun a ɗakin maganin kaina yake aiki. Da muka isa gida na ɗauko farin akoko, na ba matata ta wanke shi ta sake wankewa har ya yi laushi kamar tsumman jariri. Na ninka shi, na yanka shi daidai ƙirjin Baba Gwadabe, na mayar da duk ɗinkin ta waje don kada wani zare ya goge shi, na sa masa igiyoyi a gefen dama. Na farko ya yi sako-sako, ya cire ya jefe ni da shi. Na biyu ya tattare a hammata. Na uku ya zauna.

Zailani ne ya ɗaura masa. Yana ja a hankali.

"Ja, kai! Ba ƙwai kake ɗaurewa ba."

Ya ja. Baba Gwadabe ya rufe ido, ya yi numfashi, ya buɗe. Ya ce a miƙo riga. Inna Mero ta kawo tsohuwar shuɗiyar rigarsa ta zuwa kasuwa. Muka zura masa ita muna jiran ihu. Ya tsaya, ya juya kafaɗa, ya taka zuwa bakin rumbu ya dawo.

"Yana nan," ya ce. "Amma ya rage murya."

Ranar da la'asar ya shiga masallacin unguwa. Ya wuce kai tsaye ƙarshen sahu, inda gefen hagunsa zai fuskanci bango, babu kafaɗar da za ta goge shi. Daga ranar wurin ya zama nasa. Ko baƙo ya tsaya a nan sai a ja shi gefe. Bayan sallama mutane suka yi ta zuwa gaishe shi, har da waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar hauka. Ya amsa wa kowa da sunansa da na ubansa, da ƙarfi, yadda na bayan sahu za su ji.

Kada in sa ku zaci ya warke. Bai warke ba. Akwai ranakun da ɗaurin ba ya yin komai, sai ka same shi zaune jikin randa ya manna gefensa da sanyinta, haƙoransa a cije. Ƙaiƙayin ya fi zafin cin ransa. Inna Mero takan zauna kusa da shi tana sa masa ido, da ya kai hannu sai ta buge.

"Malam, farce."

"Ai kin yanke su, da me zan sosa?"

"Da ɗan abin da ya rage."

Sai ya dunƙule hannun ya riƙa buga cinyarsa har abin ya lafa. Ya daina zagin wurin, ya koma yi masa magana kamar yadda yake yi wa doki. "To, na ji. Babu wuta. Kwanta."

Da aka gama girbin dawa aka fara saran rake, ya ce a kai shi fadama. Zailani ya so ya hana, uban ya dube shi sau ɗaya, maganar ta mutu. Aka kafa masa zana ta gefen da iska take zuwa, nesa da hucin wuta, ya zauna a kan turmin da aka kifa. Daga nan yake ba da umarni. Doki na zagayawa, ruwan rake na zuba, kasko na tafasa, muryarsa kuma ta dawo kamar da.

"Kwashe kumfar nan! Rage itace, wuta ta yi yawa! Kai, ɗago muciyar in gani."

Zailani ya ɗago, ruwan ya zubo yana jan zare.

"Saura kaɗan. Kada ka dubi launi, launi yana ruɗi. Saurari tafasar. In ta daina ɓal-ɓal ta koma fut-fut kamar tuwo, sauke."

Duk kakar raken nan haka suka yi ta, uban yana faɗa, ɗan yana juyawa. Wata ranar kasuwa na ga wani dillali daga Hunkuyi ya gutsiri mazarƙwailar ya tauna, ya ce, "Hannun Gwadabe bai canja ba." Da na kawo wa dattijon labari ya yi dariya har ya dafe gefe.

"Ban taɓa muciya ba bana," ya ce. "Kada ka gaya masa."

Ruwan farko na shekarar da ta biyo ya same shi a hanyar dawowa daga fadama. Ya jiƙe, ɗaurin ya jiƙe, ya kwana biyu yana tari, sai zazzaɓi ya rufe shi. Zailani ya hau keke ya ɗauko Malam Jumare. Malamin ya saurari ƙirjin, ya yi masa allura, ya ce ciwon huhu ne, kuma jikin ya riga ya gaji. Ya ce a shirya kai shi Zariya in an samu mota.

"Ba inda za ni," in ji Baba Gwadabe. "Girgizar mota za ta kashe ni kafin mu kai Hunkuyi. Ka yi abin da za ka iya a nan, Malam, Allah ya saka maka."

Malam Jumare ya riƙa zuwa yana yin allurar. Sai wata matsala ta taso. Ɗaurin da yake kwantar masa da jijiya shi ne yake hana shi jan numfashi. In an ɗaure, sai ya riƙa haki kamar wanda ya yi gudu. In an kwance, ko mayafi ya taɓa shi sai ya zabura, tarin ya taso.

Ranar ƙarshe da hantsi ina zaune a ɗakin, Inna Mero tana bakin ƙofa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Maiwada, kwance abin nan naka. Ya yi aikinsa. Numfashi nake so."

Na kwance. Ya ja iska mai yawa, fuskarsa ta yamutse. Zailani ya matso ya durƙusa a gefen gadon kara, ya kifa tafin hannunsa a kan haƙarƙarin uban, ya danna. Ya riƙa sassautawa in ƙirjin ya taso, ya bi shi in ya sauka.

"Haka," in ji dattijon. "Kai, ka iya."

Ya yi wasiyya a taƙaice. Ya ce kada a sayar da dokin, ya tsufa, a bar shi ya ci ciyawa. Ya ce a riƙe Mero da kyau. Ya ce mini in wani ya zo da irin ciwonsa in ɗinka masa, kada in tsaya tambayar ko yana da hankali. Na ce to. Liman ya zo ya zauna ta wajen kansa yana karatu a hankali. Hannun Zailani ya gaji, na ce ya kawo in karɓe shi, ya girgiza kai, ya tallafe gwiwar hannun da ɗayan.

Rana ta kusa tsakiya sai Baba Gwadabe ya buɗe ido.

"Mero."

"Na'am, Malam."

"Gefen nan ya yi shiru."

Ya yi kalmar shahada tare da liman, sau ɗaya da murya, sauran da leɓe. Zailani ne ya fara sani, don a ƙarƙashin hannunsa ƙirjin ya sauka bai sake tasowa ba. Bai ɗauke hannun ba sai da liman ya dafa kafaɗarsa.

Ni da liman muka yi masa wanka a bayan ɗaki. Da muka zo gefen hagu sai na ga ina tsiyaya ruwan kaɗan-kaɗan ta bayan hannuna, ina kauce wa zanen. Liman ya dube ni. Shi ma da ya karɓi butar haka ya zuba.

Aka yi masa salla bayan azahar. Mutane sun zo daga Makarfi, daga Kudan, har daga Kurmin Kogi, manoman rake da dillalai da masu dawakin injin. Malam Jumare ya zo a kan kekensa ya tsaya a sahun baya.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga cikin gida in yi wa Inna Mero gaisuwa. Mata sun cika tsakar gidan, ita tana zaune a ƙofar ɗakinta, an ajiye mata ƙwaryar kunu a gaba ba ta taɓa ba. Na durƙusa daga nesa na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Har na yunƙura zan tashi sai ta kira ni.

"Maiwada."

"Na'am, Inna."

"Wajen wankan. Kun bi masa gefen a hankali?"

"Mun bi, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo ƙwaryar kunun, ta kore ƙudan da ke bakinta, ta ɗaga da hannu biyu ta kurɓa.